Wa ya kamata ya tayar da sadarwa idan kwamfutar Linux ta tashi: ifupdown, NetworkManager, systemd-networkd ko Netplan?

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta mai aiki da babbar manhajar Linux, akwai jerin ayyukan da dole a kammala kafin ta iya magana da wata na'ura: a gano katin sadarwar da ke jikinta, a tayar da shi, a ba shi adireshin IP, a nuna masa ƙofar da zai bi ya fita zuwa intanet, sannan a sanar da kwamfutar inda za ta riƙa tambayar adireshin da ke bayan sunayen shafuka. Mutum yana iya yin wannan duka da hannu ta hanyar umarnin ip, sai dai abin da aka saita haka yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, da zarar an kashe na'urar ya tafi. Shi ya sa ake buƙatar wata manhaja da za ta karanta saitin da aka ajiye, ta maimaita aikin a kowane tashi ba tare da kowa ya taɓa madannai ba. Huɗu ne suka fi yawa a wannan fage a yau, wato ifupdown da NetworkManager da systemd-networkd da Netplan.

A inda wutar lantarki ba ta yankewa, uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, tana iya yin shekara ba ta mutu ba, don haka masu kula da ita ba su cika ganin halinta na lokacin tashi ba. A wajenmu abin ba haka yake ba. Makaranta mai ɗakin kwamfuta, da asibitin da ke ajiye bayanan majinyata, da cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, duk suna fama da ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta da ƙarewar batirin inbata cikin dare, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan sabon tashi ne ga na'urar. Na'urorin kuma ba sa farkawa tare, domin sau da yawa uwar garke mai faifan SSD tana riga rauta ko modem gama shiri. Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci shi ne abin da manhajar take yi idan ta tashi ta tarar da cewa sauran kayan sadarwar ba su shirya ba tukuna. Sauƙin rubuta fayil ɗin saiti yana biyo bayan wannan ne.

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce ifupdown, wadda tsarin Linux na Debian ya dogara da ita fiye da shekara ashirin, kuma har a Debian 13 da ta fito a 2025 ita ce ake samu idan aka girka tsarin uwar garke wanda ba shi da fuskar hoto. Saitinta yana cikin fayil ɗin /etc/network/interfaces, inda ake rubuta sunan kati, a ce ko zai nemi adireshi ta DHCP, wato ya roƙi rauta ko wata na'ura ta ba shi, ko kuwa an ba shi tsayayyen adireshi, sannan a jera adireshin da ƙofar fita a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga labarin sadarwar na'urar gaba ɗaya a shafi guda, kuma ana iya liƙa kowane irin umarni a layukan pre-up da up da post-down, ya gudana kafin tayar da kati ko bayansa, ko bayan an saukar da shi. Wannan 'yanci ne ya sa tsofaffin masu kula da uwar garke ba sa son rabuwa da ita.

Abin da ya kamata a gane shi ne ifupdown ba ta zama tana gadi. Tana gudana sau ɗaya, ta yi aikinta, ta fita. Akwai kalmomi biyu a fayil ɗinta da mutane ke yawan rikitawa. Idan aka rubuta auto gaban sunan kati, za a tayar da shi a cikin jerin ayyukan tashi, kuma tsarin zai tsaya ya jira shi, jiran da a Debian yake iya kaiwa minti 5 idan abu ya cije. Idan aka rubuta allow-hotplug, za a tayar da katin ne a lokacin da ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin da ke hulɗa da kayan na'ura, ta gano shi, wanda ya dace da katin da ake sokawa ta USB. Amma allow-hotplug yana lura ne da bayyanar katin kansa, ba ya lura da soka waya ko zare ta. Mai son wannan sai ya ƙara wata ƙaramar manhaja irin su ifplugd. Wannan rashin gadi yana da fuska biyu. Ga na'urar da aka ba tsayayyen adireshi alheri ne, domin ifupdown za ta ɗora adireshin ko akwatin rarraba wayoyi (switch) ya kunnu ko bai kunnu ba, kuma duk manhajar da ke son kama wannan adireshi za ta same shi a wurin. Ga na'urar da ke neman adireshi ta DHCP kuwa, abin da zai faru idan rauta ta makara ya rataya ne a wuyan manhajar neman adireshin, ba a wuyan ifupdown ba. A nan ma an samu sauyi, tunda ƙungiyar ISC ta daina kula da tsohuwar manhajarta ta DHCP a 2022, Debian 13 kuma ta koma ga dhcpcd. Akwai kuma 'yan uwan ifupdown da ke karanta irin fayil ɗinta, kamar ifupdown2 da tsarin uwar garke na Proxmox ke amfani da ita tun daga fitowa ta 7, wadda ke iya sabunta saiti ba tare da an saukar da kati ba.

NetworkManager ta zo ne da wata manufa dabam. An fara ta a kamfanin Red Hat a 2004 domin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda da safe take kan waya a ofis, da yamma kuma take kan Wi-Fi a gida. Ita tana zaune a farke muddin na'urar tana kunne, tana lura da kowane kati, kuma tunaninta ya ginu ne a kan haɗi, ba a kan kati ba: ana ajiye bayanin kowane haɗi a fayil ɗinsa a cikin /etc/NetworkManager/system-connections, ita kuma ta zaɓi wanda ya dace da halin da ake ciki. Idan waya da Wi-Fi da layin wayar salula duk suna aiki a lokaci guda, tana fifita waya, sai Wi-Fi, sai layin salula, bisa lambobin fifiko 100 da 600 da 700 da take ba hanyoyinsu, inda ƙaramar lamba ke cin nasara. Ga wanda yake da babban layi a ofis kuma ya ajiye modem na USB domin ranar da layin zai yanke, babu wata a cikin huɗun da ke yin wannan sauyi cikin sauƙi kamarta, musamman da yake tana aiki tare da ModemManager wajen sarrafa katin SIM.

Har yanzu akwai masu kallonta a matsayin kayan kwamfutar tebur kawai, amma wannan ra'ayi ya tsufa. Red Hat ta ayyana tsoffin rubutun network-scripts a matsayin abin da za a daina amfani da shi a RHEL 8, wato fitowar tsarinta na Linux ta 2019, ta cire su a RHEL 9 ta 2022, saboda haka duk uwar garken da ke kan RHEL ko AlmaLinux ko Rocky Linux na yanzu NetworkManager ce ke tayar da sadarwarta. Raspberry Pi OS ma ta bar dhcpcd ta koma gare ta a watan Oktoban 2023, abin da ya sa tsoffin bayanan da ke cewa a gyara fayil ɗin dhcpcd.conf ba sa aiki a sababbin fitowa. Ba ta buƙatar linzami ko fuskar hoto. Umarnin nmcli yana yin komai, nmtui kuma yana ba da jerin zaɓi a baƙin allo, wanda ko sabon ma'aikaci zai iya bi idan ana yi masa bayani ta waya.

Akwai wurare biyu da take ba mutane mamaki a lokacin tashi, kuma dukansu suna da magani. Na farko ya shafi kalmar sirrin Wi-Fi. Idan aka ajiye ta a ma'ajiyar sirrin mutum ɗaya, ko aka keɓe haɗin ga mai amfani guda, to haɗin ba zai tashi ba sai wannan mutumin ya shiga kwamfutar, na'urar da ke ɗaki a kulle kuwa za ta zauna babu sadarwa. Dole ne a mayar da haɗin na tsarin gaba ɗaya, a ajiye kalmar sirrin a fayil ɗin haɗin, wanda mai cikakken iko kaɗai ke iya karantawa. Na biyu ya shafi haƙurinta. A yadda take zuwa, tana jiran amsar DHCP na daƙiƙa 45, tana gwada haɗin sau 4, idan bai yiwu ba ta huta na minti 5 kafin ta sake gwadawa. Idan rauta ta makara sosai, wannan hutu yana iya faɗawa daidai lokacin da jama'a suka zauna gaban kwamfutocinsu. Mayar da saitin connection.autoconnect-retries zuwa 0 yana sa ta ci gaba da gwadawa ba iyaka, kuma ina ganin ya kamata a yi wannan a kowace na'urar da ba ta da mai tsaro a kusa.

Ita kuwa systemd-networkd ta shigo ne a 2014 cikin systemd, manhajar da ke jagorantar tashin yawancin tsarin Linux, an gina ta domin uwar garke da kwamfutocin da ake kwaikwaya a cikin wata kwamfutar. Kamar NetworkManager tana zaune a farke, amma ta fi ta ƙanƙanta, kuma ba ta yanke shawara da kanta: katin da ba a rubuta masa fayil ba, ba ta taɓa shi. Fayilolinta suna cikin /etc/systemd/network, kowanne yana da sashen Match da ke faɗin katin da ake nufi, ta suna ko ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowane kati ke zuwa da ita, da sashen Network da ke faɗin abin da za a yi masa. Fayiloli masu ƙarewa da .netdev su ne na ƙirƙirar gada mai haɗa hanyoyin sadarwa, ko VLAN mai raba hanya ɗaya zuwa ɓangarori, ko haɗa katuna biyu su zama ɗaya, ko ɓoyayyiyar hanyar VPN ta WireGuard, kuma a wannan fanni tsarinta yana da tsafta ƙwarai. Ana karanta fayilolin bisa jerin sunayensu, wanda ya fara dacewa da kati shi ne ke aiki a kansa, sauran a bar su, shi ya sa ake fara sunayen da lambobi irin su 10 da 20.

A batun jiran rauta ita ce ta fi kwantar mini da hankali, domin manhajar DHCP da ke cikinta ba ta gajiya da tambaya, kuma da zarar sigina ta bayyana a waya za ta ci gaba da aiki. Sai dai akwai wani hali nata da ya saɓa wa na ifupdown kai tsaye: ko da tsayayyen adireshi aka ba kati, ba ta ɗora shi sai ta ga sigina a wayar, kuma idan siginar ta ɓace tana cire shi. Idan akwatin rarraba wayoyi bai kunnu ba a lokacin da rumbun bayanai ko manhajar shafin intanet ke ƙoƙarin kama wannan adireshi, manhajar za ta faɗi, kuma ba lalle ta sake tashi da kanta ba. Layin ConfigureWithoutCarrier=yes ne ke gyara wannan. Raunin da ba a iya gyarawa da layi ɗaya shi ne Wi-Fi, tunda ba ta iya shiga hanyar sadarwa mai kalmar sirri da kanta, sai an haɗa ta da wpa_supplicant ko iwd an saita su dabam. Ana iya yi, amma ga na'urar da ke yawo tsakanin wurare wahala ce da ba ta da riba.

Netplan ba ta cikin sahun waɗannan ukun ta fuskar aiki, kuma rashin gane hakan ne ke rikita masu amfani da Ubuntu. Kamfanin Canonical ne ya samar da ita, ta zama hanyar da Ubuntu ke bi tun daga fitowar 17.10, ta kuma shiga hannun yawancin mutane da 18.04. Ita ba ta tayar da kati ko ɗaya. Aikinta kamar na tafinta ne: tana karanta fayilolin saiti masu salon rubutu na YAML da ke cikin /etc/netplan a farkon tashi, ta juya su zuwa saitin systemd-networkd ko na NetworkManager, ta ajiye a ƙarƙashin /run, sannan ɗaya daga cikin waɗancan biyun ta yi ainihin aikin. A Ubuntu ta uwar garke systemd-networkd ce a ƙasa, a ta tebur kuwa NetworkManager. Saboda haka duk abin da aka faɗa a sama game da halin kowaccensu yana nan daram ga mai amfani da Netplan, kuma ranar da matsala ta taso dole ya san wadda ke ƙasa, ya duba ta da umarnin networkctl idan systemd-networkd ce, ko nmcli idan NetworkManager ce.

Abin da ya fi daraja a cikinta, a ganina, shi ne umarnin netplan try. Yana ɗora sabon saiti, ya jira tabbaci na daƙiƙa 120, idan bai samu ba ya mayar da tsohon. Duk wanda ya taɓa gyara adireshin uwar garken da ke wani gari ta hanyar SSH, wato shiga na'ura daga nesa, ya san darajar wannan, domin kuskuren lamba ɗaya yana iya zama tafiyar yini guda a mota. A ɗaya ɓangaren, YAML ba ya yafe kuskuren tazara a farkon layi, kuma ba ya karɓar maɓallin tab a wannan tazara sam. Sannan a uwar garken da aka yi haya a intanet, manhajar cloud-init ce ke rubuta fayil ɗin 50-cloud-init.yaml, kuma tana iya sake rubuta shi ta share gyaran da aka yi da hannu, sai dai idan an hana ta taɓa sadarwa a cikin saitinta. Ya kamata kuma a lura cewa Netplan tana haɗe fayilolinta ne, wanda ya zo daga baya a jerin suna ya rinjayi wanda ya riga shi, akasin dokar systemd-networkd.

Akwai wata matsala da ta ratsa dukansu, wadda ita ce ke jawo mafi yawan ƙorafin cewa kwamfuta tana jinkirin tashi. A tsarin systemd, matakin network.target ba ya nufin an samu adireshi, yana nufin kawai an tayar da manhajar kula da sadarwa. Matakin da ke nufin sadarwa ta samu shi ne network-online.target, kuma kowace manhaja tana da nata mai jira da ke yanke hukuncin cewa an kai wurin. Mai jiran systemd-networkd yana sa ido a kan katunan da aka saita har tsawon daƙiƙa 120, don haka uwar garke mai ramin waya biyu wadda aka soka wa ɗaya kawai tana iya tsayawa minti 2 a kowane tashi tana jiran ramin da babu komai a cikinsa. Maganin shi ne a rubuta RequiredForOnline=no ga katin da ba a damu da shi ba, ko optional: true idan ta Netplan ake bi. Mutane da yawa suna kashe mai jiran gaba ɗaya don su huta, kuma ban goyi bayan haka ba, domin duk abin da ke buƙatar sadarwa tun daga farko, kamar faifan da ake ɗaukowa daga wata na'ura ta NFS, zai riƙa tashi kafin lokacinsa yana faɗuwa, wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ƙi, wanda shi ne nau'in matsalar da ta fi wuyar ganowa.

Sunayen katuna ma suna da hannu a ciki. Tun daga systemd 197 a 2013 aka bar sunaye irin su eth0 aka koma ga irin su enp3s0, waɗanda ake cirowa daga mazaunin katin a jikin allon kwamfuta, domin kada katuna biyu su yi musayar suna tsakanin tashi da tashi. Amma ƙara wani kati ko faifan NVMe yana iya sauya lambar mazaunin, sunan ya canza, saitin da aka ɗaure da tsohon suna ya daina aiki. A systemd-networkd da Netplan da NetworkManager ana iya ɗaure saiti da lambar MAC cikin sauƙi, kuma hakan ya fi aminci ga na'urar da ake yawan buɗewa.

Idan aka zo ga zaɓi, shawarata ta farko ita ce mutum ya zauna da abin da tsarinsa ya zo da shi, sai in akwai dalili mai ƙarfi, domin a kansa ne masu tsarin ke gwada sabuntawarsu, kuma shi ne wanda zai gaji aikin zai yi tsammanin samu. Kwamfutar tafi-da-gidanka, da duk na'urar da ta dogara da Wi-Fi ko modem na salula ko VPN da ake kunnawa ana kashewa, NetworkManager ce tasu babu jayayya, haka ma dangin Red Hat da Raspberry Pi. Uwar garken Ubuntu a bar ta da Netplan, a koyi karanta abin da networkctl ke nunawa. Inda zaɓi na gaskiya yake shi ne uwar garken Debian. Idan kati ɗaya ne da tsayayyen adireshi, ifupdown ta isa, kuma rashin damuwarta da sigina ya dace da wurin da wuta ke yawan ɗaukewa. Idan kuwa na'urar tana neman adireshi ta DHCP daga rautar da ke makara, ko tana da gadoji da VLAN da yawa, na fi son a koma systemd-networkd, wadda tana nan cikin Debian tuni, kunna ta kawai ake yi.

Duk wadda aka zaɓa, kada a bar biyu suna riƙe da kati ɗaya, domin sakamakon shi ne adireshi biyu a kati guda, ko ƙofar fita da ke ɓacewa, ko fayil ɗin resolv.conf, mai nuna inda za a tambayi adireshin shafuka, da ake ta sake rubutawa. Debian ta rage wannan haɗari ta hanyar sa NetworkManager ta ƙyale duk katin da aka ambata a /etc/network/interfaces, amma systemd-networkd ba ta da irin wannan yarjejeniya, sai mai kula ya cire katin daga tsohon fayil da hannunsa kafin ya kunna ta. Idan na'urar tana nesa, a yi sauyin a ranar da akwai wanda zai iya zama gabanta da allo da madannai. Bayan an gama kuma, sake kunna kwamfutar kaɗai bai isa gwaji ba: a kashe ta tare da rauta da akwatin rarraba wayoyi, a kunna uwar garken ita kaɗai, a bar ta minti 10, sannan a kunna sauran, a duba ko adireshi ya dawo da kansa kuma ko manhajojin da ke dogara da shi sun tashi.